Yini Guda a Bakin Tekun Ada

 Hutun ƙarshen shekara ya matso, a gidaje da yawa kuwa an fara lissafin shinkafa da kaji da ɗinkin yara. Ba laifi. Amma muna roƙonku ku ware yini guda cikin hutun nan, uba da uwa da yara su fita tare, su ci abinci a kan tabarma ɗaya, su zuba ido ga abin da ba su saba gani ba. Tafiya mabuɗin ilimi, in ji masu magana.

A wannan wata za mu kai ku wani gari a bakin teku a ƙasar Gana, sunansa Ada. Waɗansu daga cikin masu karatunmu suna zaune a Akra, ko Tema, ko Ashaiman, waɗansu kuma suna kai wa dangi ziyara can. Su, tafiyar yini guda ce kurum. Wanda ba shi da hanyar zuwa Gana kuwa kada ya wuce shafin nan, gama baƙin da za mu yi maganarsu suna sauka a ƙasarmu ma.

Inda kogi ya sadu da teku

Ada tana gabas da Akra, tafiyar wajen kilomita 110. Ana bin hanyar Tema da ta miƙe zuwa iyakar Togo, sa'an nan a karkata dama a mararrabar Kasseh, a bi har Ada Foah, inda hanya ta ƙare. A nan ne Kogin Bolta, wanda ya faro tun daga Burkina Faso, yake zuba cikin teku. Akwai wani siririn tudun rairayi cike da itatuwan kwakwa. In ka tsaya a kansa, hannu ɗaya kogi ne a kwance lumui, ɗaya hannun kuwa teku ne yana ta ruri. Yaro da ya ga wannan sau ɗaya ba ya bukatar malami ya zana masa a allo.

Mutanen garin harshen Dangme suke yi. Sana'arsu su da gishiri. Yamma da garin akwai babban tafki mai ruwan gishiri, ana ce da shi Songor. Da rani ruwansa yakan ƙafe, gishiri ya kwanta fari fat, mutane su kwashe. A zamanin da, da kwalekwale ake haura Kogin Bolta da gishirin nan zuwa kasuwannin Karachi da Salaga, inda fataken Hausa suke zuwa sayen goron Gwanja. Ashe kakanninmu sun ɗanɗana gishirin Ada tun kafin jikokinsu su ga garin.

Ku yi sammako. In kun tashi daga Akra da asuba, kafin hantsi kun isa. Ku ɗauki tabarma, da ruwan sha isasshe, da huluna, da littafin rubutu da fensir domin yara, da jaka guda ta zuba shara. A yawancin garuruwan bakin tekun Gana masunta ba su shiga teku ran Talata, saboda haka wanda yake so ya ga jan taru sai ya zaɓi wata rana.

Abincin wurin

Kada uwargida ta wahalar da kanta da dafe-dafe tun daren jiya. Rabin daɗin tafiya shi ne cin abin da mutanen gari suke ci, kuɗin da kuka kashe kuma ya shiga hannun matan da suke zaman sayarwa a rana.

Da safe za ku tarar da koko da ƙosai, kamar a gida. A Gana ma kokon Hausa ake ce da shi. Akwai kuma abin da suke kira wace, wato shinkafa da wake da aka dafa tare da karan dafi, shi ne yake ba ta launin ja. Sunan ma daga kalmarmu ta wake ya fito.

Da rana sai ku nemi kenke, wanda waɗansu suke ce wa dokunu. Ƙullun masara ne da aka bari kwana biyu ko uku ya yi tsami. A dafa rabinsa, a gauraya da ɗanyen, a ƙunsa cikin ɓawon masara, a sake dafawa sa'o'i. Ana cinsa da soyayyen kifi, da markaɗaɗɗen barkono da tumatir da albasa, da wani baƙin yaji mai suna shito, wanda ake soyawa cikin mai tare da busasshen kifi da jatan lande. Ku yi hankali da shiton nan wajen ƙananan yara, gama yana da zafi. In kenke ya yi muku tsami, akwai banku, tuwo ne na ƙullun masara da na rogo, ana haɗa shi da gasasshiyar karfasa. Akwai kuma abolo, mai laushi da ɗan zaƙi, abokin tafiyarsa ƙananan kifaye ne da ake soyawa ƙarau, a ci har da kai.

Abin da aka fi sanin Ada da shi kuwa shi ne wani naman ruwa mai zama cikin ƙumba a ƙarƙashin kogi. Mutane sukan yi nutso su kwaso, a dafa, a ɓare, a soya, a tsire a tsinke kamar tsire. Ɓawon ma ba a zubarwa, ana ƙona shi a yi farar ƙasa, ko a niƙa a sa cikin abincin kaji. Wanda bai taɓa ci ba ya fara da kaɗan, gama akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar irin wannan nama. A ƙarshe sai ɗanyar kwakwa. Mai sayarwa ya sare kanta da adda, ku sha ruwan, ya tsaga ta biyu, ku kankare farin da yake ciki mai laushi.

Doka ɗaya ce a kan abincin bakin hanya, ko a Ada ko a ina: ku ci abin da aka sauke daga wuta a gabanku, ku wanke hannu da sabulu, kada ku sha ruwan da ba ku san asalinsa ba.

Baƙi daga nesa

To, ciki ya ɗauka. Yanzu sai ku nemi inuwa, ku shimfiɗa tabarma nesa kaɗan da ruwa, ku ce wa yara su yi shiru na minti goma. Da fari za su ce ba kome sai rairayi. Daga nan sai wani ya nuna da yatsa.

Za ku ga waɗansu 'yan tsuntsaye farare-farare, bayansu toka-toka, baki da ƙafafu baƙaƙe. In raƙumin ruwa ya janye sai su bi shi a guje, su caccaki jiƙaƙƙen rairayi. In ya komo sai su juyo a guje, ruwa bai taɓa su ba. Haka suke yi yini zubur. Turawa suna kiran tsuntsun nan sandalin, mu kuwa sai mu ce masa ɗan tsere da teku. Abin da yake nema shi ne ƙananan ƙumba da tsutsotsin da ruwa ya tone. Nauyinsa bai wuce na ƙwan kaza ɗaya ba, giram 50 zuwa 60. Ba shi da yatsan baya kamar sauran tsuntsaye, an yi shi domin gudu a kan rairayi.

Ba a Gana aka ƙyanƙyashe shi ba. Gidansu yana can ƙurewar arewacin duniya, a Girinlan da Saiberiya da arewacin Kanada, inda ƙanƙara take rufe ƙasa yawancin shekara. A watan Yuni da Yuli, sa'ad da rana ba ta fāɗuwa a can ko da tsakar dare, uwar takan sa ƙwai huɗu a ɗan rami a ƙasa. Kafin sanyi ya komo sai duka su kama hanyar kudu. Masana sukan sa wa waɗansunsu zobba masu launi a ƙafa domin a gane su. A watan Agusta na shekarar 2009 an ga ɗaya a ƙasar Norwe, kwana biyar bayan haka sai aka gan shi a Esiama, a yammacin bakin tekun Gana. Tsakanin wuraren nan biyu wajen kilomita 6,000 ne. Ku gaya wa yara wannan, sa'an nan ku bar su su sake duban ɗan tsuntsun.

In kun shiga kwalekwale cikin kogi, ko kun ratsa gefen Songor, za ku ga waɗansu iri. Akwai babba mai ruwan ƙasa, bakinsa dogo ya lanƙwashe ƙasa kamar lauje, Turawa suna ce masa wimbirel. Da laujen nan yake zaro ƙaguwa daga raminta. Waɗanda suke haihuwa a tsibirin Aisilan sukan taso su ƙetare teku zuwa Afirka ta Yamma cikin kwana huɗu ko biyar, ba sauka, ba ci, ba sha. Akwai wani mai fari da baƙi, ƙafafunsa jajaye ne dogaye kamar sillen kara, yana tafiya cikin ruwa a hankali kamar amarya. Akwai kuma 'yan gida da kuka sani, zalɓe da balbela da shirwa, da wani ɗan uwan balbela mai launin toka mai duhu, wanda ba ya rabuwa da bakin ruwan gishiri.

Ku sa yara su duba baki da ƙafa. Mai gajeren baki a bisa yake tsince. Mai dogon baki cikin laka yake zurawa. Mai doguwar ƙafa yana shiga inda gajere ba ya kaiwa. Saboda haka iri da yawa suna kiwo a fili ɗaya, ba mai cin rabon wani.

Lokacin ganin baƙin nan daga Satumba ne zuwa Maris, hutun Kirsimati kuwa ya fāɗa a tsakiyarsa. Sa'ar yini ma tana da muhimmanci. Teku yakan cika sau biyu, ya janye sau biyu, cikin dare da rana, kowace rana kuma yana yin latti da wajen minti 50. Jan wata ne yake kawo haka. In ruwa ya janye tsuntsaye sukan watsu su yi kiwo. In ya cika sai su taru wuri ɗaya a tudun rairayi su huta. Ku tambayi kowane masunci, zai gaya muku sa'ar.

Labarin tsattsewar teku

Akwai wani tsuntsu kuma da ba a ƙasa yake kiwo ba. Fari ne, siriri, fikafikansa dogaye, wutsiyarsa a rabe biyu kamar ta tsattsewa. Yakan tsaya cak a sama, sa'an nan ya fāɗo cikin ruwa da baki, ya taso da ɗan kifi. Bari mu ce masa tsattsewar teku. Suna da iri da yawa a bakin tekun Gana. In masunta suna jan taru za ku gan su suna shawagi bisa kansu.

Iri ɗaya a cikinsu, wanda ƙirjinsa yakan yi ɗan ja-ja a lokacin haihuwa, yana sa ƙwai a ƙananan tsibiran ƙasar Ailan da Birtaniya da Faransa, ya zo Gana cin rani. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa na 1980 yawansa a can ya ragu ƙwarai, har aka ji tsoron zai ƙare. Da aka bi sawu, sai aka tarar ɗaya daga cikin dalilan yana bakin tekun Gana. Yara ne suke kafa asuta da zaren taru a kan rairayi, su sa ɗan kifi a tsakiya. Tsuntsu ya sauko ɗauka, ƙafa ta shiga. Waɗansu don ci suke kamawa, waɗansu don sayarwa, da yawa kuwa don wasa kurum.

A shekarar 1985 gwamnatin Gana da ƙungiyoyin kiyaye tsuntsaye na ƙasashen waje suka fara aikin ceton tsuntsayen bakin teku. Wata masaniya 'yar ƙasar, Farfesa Yaa Ntiamoa-Baidu, ita ta ja ragamar aikin. Ba da bulala aka bi yara ba. A shekarar 1987 aka fara kafa ƙungiyoyin kula da namun daji a makarantu. Aka kai yara bakin teku, aka sa musu madubin hangen nesa a ido, aka nuna musu taswira, aka ce ga inda tsuntsun nan ya fito. Ƙidayar tsuntsayen da aka yi ta yi cikin aikin nan ita ta nuna darajar tafkunan bakin tekun, har a shekarar 1992 aka sa biyar daga cikinsu, har da Songor da Keta, cikin jerin wuraren ruwa da duniya ta yi alkawarin kiyayewa bisa ga yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. A can Ailan kuma aka tsare tsibirin Rokabil, aka yi wa tsuntsayen akwatunan sa ƙwai. Yau yawancin irin nan na arewa maso yammacin Turai a kan ɗan tsibirin nan suke haihuwa.

Iyaye, ga abin da muke so ku riƙe. Yaron da yake harbin tsuntsu da danƙo ba mugu ba ne. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa abin da yake harbi. Mu Hausawa mun san wannan a kan shamuwa. Tana sheƙa a tsakiyar gari, ba mai jifanta, domin tun muna ƙanana aka gaya mana ita ce mai albishir da damina. Abin da aka gaya wa yaro labarinsa, da wuya ya ɗaga masa hannu.

Ladabin baƙo

Baƙo raɓa ne. A bakin tekun Ada kuwa baƙi iri biyu ne, tsuntsaye da ku. Ga abin da ya kamaci na biyu game da na fari.

Kada yara su kori garken tsuntsaye don su ga tashinsu. Gaskiya abin yana da kyaun gani, amma kowane tashi ƙarfi ne ya tafi a banza. Kafin su koma arewa a watan Maris da Afrilu dole su tara kitse, har nauyin waɗansu ya ƙaru da rabi ko fiye. Kitsen nan shi ne guzurinsu. Wanda bai tara isasshe ba, a hanya zai fāɗi. In kun ga sun daina kiwo sun ɗaga kai, kun matsa da yawa, sai ku ja da baya.

Kada ku bar leda ko guda. Ledar ruwan sha da guntun taru suna shaƙe tsuntsaye da kifi. Kififiyar teku ma, wadda take fitowa da dare ta binne ƙwanta cikin rairayin Ada a watannin nan, takan haɗiye leda tana tsammani abinci ne. Dokar Gana ta hana kama ta ko haƙa ƙwanta. In wani ya kawo muku talla, ku ƙi saye. Ma'aikatan kula da namun daji suna da ofis a Ada Foah. In kun tsinci mataccen tsuntsu da zobe a ƙafa, ku rubuta lambar ku kai musu.

Ku gai da masunta kafin ku matsa kusa da taru, ku nemi izini kafin ku ɗauki hoton kowa. Mutanen nan suna cikin wahala da ba a gani a yini guda. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, rairayin da kogi ya saba kawowa bakin teku ya ragu, teku kuwa yana ta cin ƙasa. Ganuwar da mutanen Denmak suka gina a Ada a 1783, ruwa ya cinye yawancinta. Ƙauyuka kamar Totope sun yi hasarar gidaje. Duwatsun da za ku ga an jera sun shiga cikin teku, don tare rairayi aka zuba su. Saboda haka in mai kifi ta faɗi kuɗinta, ku yi ciniki da mutunci.

Ku tsare ranku

Wannan magana ba ta wasa ba ce. Tekun nan ba kududdufin bayan gari ba ne. Akwai wuraren da ruwan da raƙuman suka kawo yake komawa ciki da ƙarfi ta siririyar hanya, ya ja har ƙato mai iya iyo. Sau da yawa wurin ne yake kamar ya fi ko'ina kwanciya. Yara su tsaya inda ruwa bai wuce idon sawu ba, babba yana riƙe da hannunsu, kada kuma kowa ya juya wa teku baya. Bakin da kogi ya haɗu da teku ya fi ko'ina haɗari. In za ku shiga kwalekwale, ku ce sai an ba kowa rigar da take hana nutsewa, in babu ku haƙura. Kada kuma yara su yi wanka a gefen kogi inda ruwa yake kwance da ciyawa, gama a irin wurin nan ake ɗaukar tsargiya. Ku kama hanyar gida tun da sauran rana.

Ga wanda ba zai kai Ada ba

Ba sai an ƙetare iyaka ba. Masu zama a Ikko suna da nasu bakin teku. Mu na arewa kuwa muna da fadamun Haɗeja da Nguru, waɗanda aka sa wani sashinsu cikin jerin Ramsar a shekarar 2000, muna kuma da Tafkin Cadi. Kowane rani dubban agwagin ruwa da masu kiwo a laka suna ƙetare Sahara daga Turai da Asiya su sauka a can. Ko madatsar ruwan da take kusa da garinku, in kun je da sassafe a watan Disamba ko Janairu, da wuya ku rasa baƙo ɗaya ko biyu suna rausaya a gefen laka.

Ga aikin yara na wannan wata. Kowa ya buɗe shafi a littafinsa, ya rubuta rana da wuri. Ya zana tsuntsu uku da ya gani, ya nuna tsawon baki, da launin ƙafa, da abin da tsuntsun yake yi. Wanda bai san sunansa ba ya raɗa masa na kansa, sa'an nan ya tambayi kaka ko wani tsohon masunci sunan da aka san shi da shi. Ku aiko mana da zanen, da sunayen da tsofaffi suka gaya muku. Za mu so mu ji yadda ake kiransu a garinku.

Allah ya kai ku lafiya, ya komo da ku lafiya. Sai wata mai zuwa.